Salad Nisuwaz: Taƙaddamar Asali da Sauyi a Abincin Birnin Nis

A cikin girke-girken ƙasar Faransa da suka yi suna a duniya, kaɗan ne suka jawo muhawara mai tsawo kamar haɗin kayan lambun da ake kira salad nisuwaz, wanda Faransawa ke rubutawa salade niçoise, wato salad ɗin mutanen Nis, birnin da ke bakin Bahar Rum a kudu maso gabashin ƙasar, ba nisa da iyakar Italiya. Wanda ya nemi wannan abinci a otal-otal na Landan ko na Amurka, galibi za a kawo masa faranti mai ganyen latas a ƙasa, da dafaffen dankalin Turawa, da dafaffen koren wake, da kifin tuna, da ƙwai, an kwarara musu miya mai tsami. Amma da yawa daga cikin 'yan asalin Nis ba su yarda cewa wannan farantin nasu ba ne, domin a wurinsu sharaɗin farko shi ne kada wani kayan lambu da ya taɓa wuta ya shiga ciki. Saɓanin ya wuce maganar ɗanɗano, saboda yana tambayar wanda ke da ikon faɗin abin da sunan gari yake nufi idan an liƙa shi a kan abinci: mutanen da suka gaje shi a gidajensu, ko kuwa ƙwararrun masu girki da suka rubuta shi a littafi suka yaɗa shi a duniya.

Ƙasar da ta haifi abincin

Ba za a fahimci tsananin kishin mutanen Nis ba sai an duba tarihin birnin, wanda bai daɗe da zama yankin Faransa ba idan aka kwatanta shi da sauran manyan biranen ƙasar. Tun daga 1388 Nis take ƙarƙashin gidan sarautar Saboy, kuma ban da wasu lokuta da Faransa ta riƙe ta, irin su zamanin juyin juya hali da mulkin Napoleon, sai a 1860 ne aka miƙa ta ga Faransa dindindin bisa yarjejeniyar Turin. Saboda haka mutanen yankin suna da harshensu na gado da ake kira Nisar, kuma abincinsu ya fi kusa da na maƙwabtansu na gaɓar Italiya fiye da na Faris, inda man shanu da kirim suka mamaye tukunya.

Ƙasar Nis tsaunuka ne da suka gangaro har bakin teku, damina ba ta sauka a lokacin zafi, filayen kiwo kuma kaɗan ne, don haka man zaitun ne ya tsaya a matsayin man girki. Itacen zaitun na yankin, wanda ake kira kayetiye, yana ba da ƙananan 'ya'ya baƙaƙe da ake jiƙawa a ruwan gishiri, kuma tun 2001 hukumomin Faransa suka ba zaitun ɗin Nis kariyar suna, wato dokar da ta hana a sayar da zaitun ɗin wani wuri da wannan suna. Daga teku kuwa ana samun anshuwa, wani ƙaramin kifi wanda ake jerawa cikin gishiri ya yi watanni bai lalace ba, ya kuma zama abin ɗanɗanon talaka a duk shekara. Masu binciken tarihin abinci sun fi karkata ga cewa salad ɗin ya fara ne da waɗannan abubuwa uku kawai, tumatir da anshuwa da man zaitun, a matsayin cimar masunta da manoma da leburori, waɗanda ba su da lokacin hura wuta da tsakar rana, ba su kuma da kuɗin nama.

Daga wannan tushe ne aka samu ɗan'uwansa da ake kira pan banya, wato burodi mai kewaye da ake tsagawa a cika shi da kayan salad ɗin, a bar shi ya sha ruwan tumatir da mai har ya yi laushi, sannan ma'aikaci ya tafi da shi gona ko jirgin kamun kifi. Wannan burodi hujja ce mai ƙarfi ga masu cewa asalin abincin ɗanye ne, domin dabararsa gaba ɗaya ta dogara ne ga ruwan da ɗanyen tumatir ke saki.

Yadda masu riƙon asali ke haɗa shi

Mutumin da ya fi kowa tsara ƙa'idojin wannan ɓangare a rubuce shi ne Jacques Médecin, wanda ya riƙe muƙamin magajin garin Nis daga 1966 zuwa 1990, kamar yadda mahaifinsa Jean Médecin ya riƙe shi shekaru masu yawa kafin shi. A 1972 ya wallafa littafi a kan girke-girken yankin Nis, aka fassara shi zuwa Ingilishi a 1983, kuma ko da yake rayuwarsa ta siyasa ta ƙare da shari'ar almundahana da zaman gudun hijira a Uruguwai, inda ya rasu a 1998, littafin ya ci gaba da zama madogara ga masu kare abincin garin.

A tsarin da ya bayyana, aikin yana farawa ne da tumatir cikakke wanda ya nuna a rana, a yanka shi gida huɗu, a barbaɗa masa gishiri, a bar shi ya tsiyaye, a kuma maimaita gishirin har sau uku a matakai daban-daban. Dalilin wannan shi ne gishiri yana janye ruwan da ya yi yawa a cikin tumatir, ta yadda ɗanɗanonsa zai taru, man zaitun kuma ya kama jikinsa maimakon ya yi iyo a kan ruwa a gindin kwano. Daga nan sai a tsaga tafarnuwa biyu a goge cikin kwanon da ita, a yar da ragowar, domin ƙamshinta ake so ba zafinta ba. Sai a yanka koren tattasai mara yaji siriri-siriri, da kokwamba, da albasa mai lawashi, a zuba ƙananan baƙaƙen zaitun, a jera dafaffen ƙwai da aka raba, wanda shi kaɗai ne abin da aka dafa a cikin haɗin. Idan lokacin bazara ne, ana ƙara ɗanyen waken ful tun yana ƙarami mai taushi, ko kuma ƙaramin atisho, wato tohon furen wani tsiro mai kama da ƙaya da ake yanka zuciyarsa a ci ɗanye. A ƙarshe a kwarara man zaitun da aka haɗa da ganyen ɗoɗɗoya da gishiri da masoro, ba tare da ruwan khal ba, domin tsamin tumatir ya wadatar.

Game da kifi, ra'ayin Médecin shi ne a zaɓi ɗaya, ko anshuwa ko tuna na gwangwani, kada a haɗa su a faranti guda. Wannan ya dace da yanayin tattalin arzikin da abincin ya fito daga ciki, inda anshuwa take abin yau da kullum, tuna kuwa abin marmari ne mai tsada da ba kowane gida ke samu ba. Babban haninsa, wanda shi ne aka fi tunawa da shi, ya faɗa ne a kan dafaffen dankali da duk wani dafaffen kayan lambu, waɗanda ya roƙi masu girki su nisanta su da wannan salad har abada.

Akwai hikima ta zahiri a bayan wannan hani. Dankalin Turawa yana shanye mai da gishiri, yana kuma cika ciki, saboda haka da zarar ya shiga faranti sai ya zama shi ne jigo, tumatir ya koma ɗan rakiya. Abincin da aka gina domin ya sanyaya jiki a tsakar zafi, wanda ake jin ƙaras-ƙaras ɗinsa a baki, sai ya rikiɗe ya zama abinci mai nauyi da za a iya ci a kowane lokaci na shekara, kuma wannan sauyi ne na ɗabi'ar abincin gaba ɗaya, ba ƙarin kayan haɗi kaɗai ba.

Escoffier da ɗakin girkin otal

Abin da ya sa muhawarar ta ƙi ƙarewa shi ne wanda ake danganta shigar dankali da koren wake gare shi ba baƙo ba ne a yankin. Auguste Escoffier, wanda aka haifa a 1846 a Villeneuve-Loubet, wani gari da ke 'yan kilomitoci kaɗan daga Nis, ya fara koyon sana'a yana ɗan shekara 13 a gidan abincin kawunsa a cikin birnin na Nis, kafin ya zama shugaban masu girki a otal ɗin Savoy da na Carlton a Landan da kuma na Ritz a Faris. Littafinsa na jagorar girki, wanda ya fito a 1903, ya zama abin da makarantun koyon girki suka dogara da shi a Turai da wajenta, kuma salad nisuwaz ɗin da ya koyar yana ɗauke da dankali da koren wake da tumatir, an ƙawata su da zaitun da anshuwa.

Escoffier yana girki ne domin wasu mutane daban da masuntan Nis. Tun daga ƙarni na 18 attajiran Ingila suke zuwa Nis domin gudun sanyin ƙasarsu, har suka tara kuɗin fara gina titin bakin teku da ke ɗauke da sunansu a shekarun 1820, kuma bayan da jirgin ƙasa ya iso birnin a 1864 sai baƙi suka ƙaru daga ko'ina a Turai. Waɗannan baƙi suna zuwa ne da hunturu, lokacin da babu cikakken tumatir a lambu, kuma manyan otal-otal na Landan da Faris suna buƙatar abincin da za a iya shirya shi tun da safe, a fitar da shi iri ɗaya ga kowane baƙo, a kowane wata. Dafaffen dankali da koren wake suna amsa wannan buƙata, domin suna jure ajiya. Haka kuma a al'adar girkin otal ta Faransa, sunan gari kan zama alamar wasu kayan haɗi ne kawai, don haka duk abin da aka sa wa tumatir da zaitun da anshuwa ana iya cewa an yi shi irin na Nis, ko da mutanen Nis ba su taɓa cin sa haka ba.

A nan ne tarihi ya zo da wani abu mai wahalar haɗiya ga masu riƙon asali, wato cewa sigar da suke ƙi ta shiga fitattun littattafai kusan shekara 70 kafin littafin Médecin. Wannan bai nuna cewa ta fi ta gida daɗewa ba, domin abincin talakawa yakan yi zamani ana cin sa kafin wani ya ga ya cancanci a rubuta shi, amma ya nuna cewa sigar otal ma tana da tarihinta na fiye da ƙarni guda, kuma ba za a kira ta kuskuren jiya ba.

Daga Faris zuwa Amurka

Hanya ta biyu da sigar dankali ta bi ita ce ta Amurka. A 1961 Julia Child, tare da abokan aikinta Faransawa biyu, Simone Beck da Louisette Bertholle, ta wallafa littafin koyar da girkin Faransa ga iyalan Amurka, sannan daga 1963 ta fara shirin talabijin da ya sa ta zama sananniya a kowane gida. Salad nisuwaz ɗin da ta koyar yana da latas, da dankalin da aka dafa aka jiƙa da miya, da koren wake, da tuna, da anshuwa, an tsara kowanne a gefensa a kan faranti, an kuma zuba miyar mai da khal. Ga miliyoyin masu kallo wannan shi ne salad nisuwaz, kuma ba su da dalilin zaton akwai wani.

Daga baya gidajen abinci na zamani suka ƙara nasu, inda suka maye gurbin tuna na gwangwani da yankan ɗanyen tuna da aka ɗan gasa bayansa, wasu kuma suka sa kifin salmon, ko shinkafa, ko masara, ko mayonis. Da haka sunan ya faɗaɗa har ya kusa rasa iyaka, ya zama laƙabin duk wani salad mai kifi da ƙwai, kuma wannan faɗaɗar ce ta fi tayar da hankalin mutanen Nis fiye da dankalin Escoffier kansa.

Masu gadin suna

Martanin birnin bai tsaya ga littafin Médecin ba. Ƙungiyar Capelina d'Or, wadda ta ɗauki sunanta daga malafar gargajiya ta matan Nis, ta daɗe tana tattara girke-girken gado tana koyar da su, kuma marigayiya Renée Graglia, wadda ta shugabance ta, ta yi suna wajen sukar masu sa dankali da koren wake. An kuma ƙirƙiro wata alama mai suna Cuisine Nissarde, wadda ake ba gidajen abincin da aka duba aka tabbatar suna bin girkin gado, ta yadda baƙo zai gane inda zai samu abincin garin na ainihi a birnin da yawon buɗe ido ya cika da gidajen abinci iri-iri. Pan banya ma yana da ƙungiyar da ke kare shi tun 1991, kuma a 2019 aka shigar da al'adun girkin yankin Nis cikin kundin gadon al'adu na ƙasar Faransa.

Zafin lamarin ya fito fili a 2016, lokacin da fitacciyar mai girki Hélène Darroze ta wallafa nata salad nisuwaz mai dankali da koren wake a shafinta na Facebook, mutanen Nis kuwa suka yi mata ca, suna ganin an ci zarafin abin gadonsu. Ana iya ɗaukar wannan a matsayin wuce gona da iri, amma wanda ya san cewa birnin ya ga harshensa na gado yana ja da baya, ya kuma ga baƙi da masu saye da sayar da gidaje sun sauya fuskar unguwanninsa, zai gane dalilin da ya sa abinci ya zama wurin da ake tsayawa a ce nan ne iyaka.

Saɓani a cikin gida

Duk da haka, masu kare asalin ba su da murya ɗaya idan aka sauka ga dalla-dalla. Littafin Henri Heyraud a kan girkin Nis, wanda ya fito a farkon ƙarni na 20, ya kawo salad mai tumatir da anshuwa da atisho da jan tattasai da zaitun, babu tuna babu latas, amma miyarsa tana da khal da mustad, abin da Médecin ya ƙi daga baya. Wasu 'yan garin suna haɗa tuna da anshuwa ba tare da jin sun saɓa wa kowa ba, wasu suna shimfiɗa ƙananan ganyaye a ƙasan faranti, wasu kuma suna ganin kokwamba ba ta da gurbi saboda yawan ruwanta. Wannan yanayi bai bambanta da na kwaɗo a ƙasar Hausa ba, inda gida zai yi nasa da zogale, maƙwabci ya yi da rama, kowa da yawan yajinsa da albasarsa, amma duk sun san abin da in aka rasa shi an fita daga kwaɗo an shiga wani abu.

Akwai kuma wata hujja ta tarihi da masu son sauyi kan kawo, wato cewa tumatir da tattasai, waɗanda su ne ƙashin bayan sigar asali, baƙi ne a Turai kamar dankali da koren wake, domin dukansu daga nahiyar Amurka aka kawo su bayan tafiye-tafiyen ƙarshen ƙarni na 15. Tumatir ya daɗe a Turai ana ɗari-ɗari da shi kafin ya zama abincin kowa, tuna na gwangwani kuwa ba zai yiwu ba sai bayan da Nicolas Appert ya bayyana dabarar adana abinci a rufaffen mazubi a 1810. Wannan hujja gaskiya ce, kuma tana rushe tunanin cewa akwai wani girki da ya sauko cikakke tun fil azal. Sai dai ba ta kai ga abin da ake so ta kai ba, domin kasancewar al'ada tana da mafari bai hana ta zama al'ada ba, kuma mutanen da suka karɓi tumatir suka ƙi dankali a wannan faranti sun yi zaɓi ne da ya dace da yanayinsu da lokacin cin abincin.

Abin da ya kamata a riƙe

Idan aka tattara waɗannan bayanai, za a ga cewa asalin salad nisuwaz ba jerin kayan haɗi ba ne da za a haddace, tunda 'yan garin kansu sun saɓa a kan jerin, sai dai wata ƙa'ida ce da duk sigoginsu suka yi tarayya a kanta: ɗanyen kayan lambu na lokacinsu, da tumatir a matsayin jigo, da gishirin kifin da aka adana, da man zaitun mai kyau. A cikin wannan da'ira akwai fili mai faɗi na sauyi, kuma wannan sauyin shi ne alamar cewa abincin yana raye a gidaje. Sigar Escoffier da ta Julia Child kuwa suna wajen da'irar, ko da yake abinci ne mai kyau da ya ƙosar da mutane masu yawa, kuma babu laifi ga wanda ya fi son sa.

Inda haƙƙi ya rataya shi ne a kan suna. Mai gidan abincin da ya rubuta sunan Nis a takardar abincinsa yana cin moriyar martabar da wasu mutane suka gina, don haka adalci ne ya bayyana wa mai saye cewa nasa bisa tsarin otal ne ko bisa ra'ayin kansa, kamar yadda makarantun girki ya kamata su koyar da sigogin biyu tare da tarihin kowacce. Su ma masu kare gadon, ƙarfinsu zai fi tasiri idan suka mayar da hankali ga abin da ke raya abincin tun daga tushe, wato manoman tumatir da zaitun na tsaunukan da ke bayan birnin, da kasuwanni irin su Cours Saleya inda ake sayar da amfaninsu, da koyar da yara girkin iyayensu. Muddin ana noma waɗannan kaya ana kuma samun hannun da ya san sarrafa su, mutanen Nis za su ci gaba da riƙe hujja mafi ƙarfi a wannan muhawara, wadda ita ce su ciyar da baƙo nasu ya bambance da kansa.